Tsallaka Tenere a kan babur: Aikin da jirgin sama ke yi a bayan fage

Duk wanda ya bar birnin Sakkwato ya miƙi hanyar Boɗinga da Shagari zai wuce mashigar filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, kuma kafin ya isa Boɗinga zai ƙirga babura har ya gaji. Wani ya ɗauko buhunan albasa, wani ya goyo mutum uku, wani ya ɗaure rago a baya ya nufi kasuwa. Babur ya gaji aikin jaki a wannan yanki, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai malamin firamare ƙauyen da aka tura shi. Jirgi kuwa na alhazai ne da manyan gari. A rayuwar yau da kullum babu inda su biyun suke haɗuwa.

Sai dai a kowane watan Janairu hotunan bidiyo na tseren Dakar sukan cika wayoyin samari, har da na 'yan kabu-kabun da ke jiran fasinja a bakin wannan hanya. Ana ganin mutum shi kaɗai a kan babur yana keta tuddan rairayi, babu gari, babu itace, babu kowa. Mai kallo yakan yaba wa ƙarfin injin da ƙarfin halin mahayin, kuma duka biyun sun cancanci yabo. Abin da ba kasafai ake lura da shi ba shi ne inda mai ɗaukar hoton yake. Yana sama, a cikin jirgi mai saukar ungulu, wato mahayin da ake gani shi kaɗai ba shi kaɗai ba ne. Wannan tsere da yanzu ake yi a Saudiyya a maƙwabtanmu ya yi suna, a hamadar Jamhuriyar Nijar, kuma tarihinsa ya nuna dalla-dalla abin da ke sa mutum ya shiga Sahara a kan babur ya fito da ransa, da abin da ke sa wani ya shiga a manta da shi.

Kafin a fara nema ta sama

Hanyar arewa ba baƙuwa ba ce ga mutanen ƙasar Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Sifawa ta ƙasar Boɗinga kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya je Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru tun yana matashi. A yau ma hanyar ita ce dai: Sakkwato zuwa Illela, a ƙetara Birnin Ƙonni, a wuce Tawa, a isa Agadas. Daga Agadas ne ƙasar ke sauya kama. Gabas da duwatsun Azbin akwai Tenere, shimfiɗar rairayi da tsakuwa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 400,000, wadda ta ninka Jihar Sakkwato fiye da sau goma.

Babur ya fara ratsa Sahara zuwa ƙasar Hausa tun kafin a haifi yawancin kakannin masu hawansa a yau. A ranar 11 ga Disamba 1934 wasu matan Ingila biyu, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwatin zama a gefe, suna jan ƙaramar tirela ta kaya. Suka bi ta Aljeriya, suka wuce Tamanrasset, injin ya lalace musu kafin su shiga Agadas. A can suka zauna makonni suna jiran kayan gyara daga Ingila, sannan suka gangaro Kano, suka ƙarasa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a ranar 29 ga Yuli 1935. Jiragen sama sun riga sun fara sauka Kano tun Nuwamba 1925, amma babu wani jirgi da ke biye da waɗannan mata. Sun tsira ne domin sun bi hanyar da ake bi, kuma injin ya mutu a inda taimako zai iya riskarsu.

Wanda ya haɗa babur da jirgi a wannan hamada wani Bafaranshe ne mai suna Thierry Sabine. A watan Janairu 1977 yana cikin wani tsere daga Abidjan zuwa birnin Nice na Faransa a kan babur ƙirar Yamaha XT500, sai ya saki hanya a kusurwar arewa maso gabashin Nijar, kusa da iyakar Libiya. Ya yi kusan kwana uku a ɓace, ruwa ya ƙare. Ya jera duwatsu a ƙasa ya yi alamar da za a iya hangowa daga sama, kuma wani ƙaramin jirgi da ke nemansa ya hango ta. Mai hankali zai ce wanda ya sha wannan ba zai sake waiwayar hamada ba. Shi kuwa ya koma gida ya shirya tseren kansa.

Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris. Suka bi ta Aljiyas, Tamanrasset, Agadas, Yamai, Gao da Bamako, 74 daga cikinsu suka isa Dakar a ranar 14 ga Janairu 1979, shekarar da Alhaji Shehu Shagari ya hau kujerar shugabancin Najeriya. Wanda ya zo na ɗaya matashi ne mai suna Cyril Neveu, a kan irin babur ɗin da Sabine ya ɓace da shi. Daga nan Agadas ta zama babban zangon tseren na tsawon shekaru, kuma a wasu shekarun ayarin ya kwana a Tawa, wadda ba ta kai tafiyar yini ba daga Illela.

Lissafin mai da ruwa

Matsalar farko ta babur a hamada lissafi ce. Tankin babur irin na kabu-kabu bai fi lita goma da 'yan kai ba, kuma a kan kwalta wannan na isa a yi ta zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Shagari. A rairayi mai laushi labarin ya bambanta. Tayar baya tana juyawa tana tono, injin yana aiki a ƙaramin giya, man da zai kai mutum kilomita ɗari a kwalta yana iya ƙarewa a rabin haka. Daga Agadas zuwa Bilma ya haura kilomita 500, kuma babu gidan mai a tsakani. Idan mahayi ya ce zai ɗauki duk man da yake buƙata a jarkoki, nauyi ya ƙaru, babur ya ƙara nutsewa, shan mai ya ƙaru. Kowace lita ta fetur tana da nauyin kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, kowace lita ta ruwa kilo guda cur, kuma mutumin da ke kokawa da babur a rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa. Akwai iyakar da in an kai ta, ƙarin guzuri ba ya ƙara nisan tafiya.

Saboda haka ne baburan tseren suke da tankuna masu cin lita talatin ko fiye, a raba su gaba da baya domin kada nauyin ya taru wuri guda, kuma duk da haka ƙa'idar yau ba ta neman su yi fiye da kimanin kilomita 250 kafin a ƙara musu mai. Man kuwa ba daga sama yake faɗowa ba. Manyan motoci ne ke shiga tun kafin ranar su ajiye ganguna a wuraren da aka tsara. An kuma rage wa babur wahalar faci ta hanyar cusa wa taya wani soso mai tauri a madadin tiyub, wanda ƙaya ko dutse ba ya sace masa iska. Kayan mahayi na kwana da na gyara ba a kan babur suke ba. Ana zuba su a akwatin ƙarfe, a shekarun Afirka jirgin ɗaukar kaya ne ke kai su zango na gaba, tare da bakanikai da likitoci da masu dafa abinci da 'yan jarida. Wannan ne ma ya sa zangunan tseren suka kasance garuruwa masu filin sauka, irin su Agadas da Dirku.

Madugan ayarin gishiri sun daɗe da sanin wannan lissafi. Buzayen da ke kai raƙuma Fachi da Bilma a kowace kaka, su dawo da kantun gishiri da dabino har kasuwannin ƙasar Hausa, sukan ajiye dammunan ciyawa a hanya yayin tafiya domin raƙuma su ci a dawowa. Gangar man tsere da damin ciyawar madugu dabara ɗaya ce.

Yadda ake gane cewa mutum ya ɓace

A nan ne ainihin aikin jirgi yake, kuma a nan ne aka fi yi masa gurguwar fahimta. Mutane sukan ɗauka cewa da jirgi ya tashi, komai na ƙasa a fili yake. Gaskiya ne cewa mutumin da ke tsaye a fili ba ya hangen abin da ya wuce kusan kilomita biyar, alhali daga tsayin mita 300 ido na iya kaiwa kilomita sittin. Amma hangen iyakar ƙasa daban, gano babur daban. Daga sama babur ɗigo ne, kuma in ƙura ta lulluɓe shi launinsa da na ƙasa ɗaya ne. Tilas matuƙi ya yi ƙasa-ƙasa, ya riƙa kai da komowa a jere kamar mai huɗa, yana duba 'yar siririyar ƙasa a kowane zuwa.

To, wace gona zai huɗa? A ce an san inda aka ga mahayi na ƙarshe, kuma yana da man da zai kai shi kilomita 100 ta kowace fuska. Filin da za a bincika da'ira ce mai faɗin murabba'in kilomita sama da 31,000, kwatankwacin Jihar Sakkwato baki ɗayanta, daga Illela har Kebbe. In kuwa an san bai wuce kilomita 20 daga wani wuri ba, filin ya ragu zuwa kusan 1,250, wato kashi ɗaya cikin ashirin da biyar. Bambancin da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu shi ne bambancin samun mutum da rai da samun gawarsa, domin wanda ruwansa ya ƙare a wannan zafi kwanakinsa ba su da yawa.

Shi ya sa ginshiƙin tsarin ba jirgin ba ne, rajista ce. Kowane ɗan tsere yana da lamba. An rubuta lokacin da ya tashi, an san hanyar da aka ba shi, a da a cikin nadin takarda da ke gaban kan babur, wadda ke nuna masa nisa da kwana da alamomin ƙasa. A kan hanya akwai wuraren da ake buga masa hatimi. Da yamma a ƙirga waɗanda suka iso. In lamba kaza ta wuce shinge na biyu ba ta iso na uku ba, an san tsakanin da za a nema, kuma an san tun yaushe. Akwai kuma babbar mota da ke bin sawun kowa a baya tana kwashe waɗanda abin hawansu ya mutu. Umurnin da ake nanata wa kowa shi ne kada ya rabu da babur ɗinsa ya kama tafiya a ƙasa, domin babur ya fi mutum saurin ganuwa, kuma mai tafiya a rana yana ƙone ruwan jikinsa ne kawai yana faɗaɗa filin da za a neme shi.

An gwada wannan tsari tun da wuri. A Janairu 1982 Mark Thatcher, ɗan Firaministar Birtaniya ta lokacin, ya ɓace a kudancin Aljeriya tare da abokan tafiyarsa biyu a cikin mota ƙirar Peugeot 504. Kwana shida ana nema kafin jirgin sojan Aljeriya ya hango su kimanin kilomita 50 daga hanyar da ya kamata su bi. Kilomita 50 kacal, tafiyar da ɗan kabu-kabu ke yi kafin ya karya kumallo, amma ta ci kwana shida da jiragen ƙasa guda. Shekara ɗaya bayan haka, a 1983, tseren ya ratsa tsakiyar Tenere karo na farko, guguwar rairayi ta taso, mutum kusan 40 suka saki hanya. Sabine ya kwashe kwana huɗu yana shawagi a jirgi mai saukar ungulu yana tattaro su, kuma an same su duka. An same su ne domin an san su nawa ne, an san sunayensu, kuma ba a daina nema ba sai da lissafi ya cika.

A yau na'ura ta karɓi mafi yawan wannan aiki. Kowane babur yana ɗauke da akwatin da ke aika matsayinsa ta tauraron ɗan'adam zuwa ɗakin sa ido. In babur ya tsaya cak bayan gudu, na'urar tana sanar da su da kanta, su kira mahayin ta cikinta, in bai amsa ba a tura jirgi da likita. Akwai kuma na'urar neman agaji ta tsarin Cospas-Sarsat, wanda Amurka da Kanada da Faransa da tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka kafa, ya fara ceton rayuka a 1982. Najeriya tana cikin wannan tsari, kuma cibiyar karɓar saƙonninsa tana hannun Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, a Abuja, ko da yake jiragen sama da na ruwa ne suka fi amfana da shi.

Inda ƙarfin jirgi ya ƙare

Mazauna Sakkwato sun san abin da hazon hunturu ke yi wa sufurin sama. Fasinja ya shirya, ya isa filin jirgi, a ce masa an ɗage tashi domin matuƙi ba ya ganin titin sauka. Wannan hazo daga hamada yake tasowa, kuma a watan Janairu ake tseren. Ranar da ɗan tsere ya fi buƙatar jirgi, wato ranar guguwa, ita ce ranar da jirgin ya fi kasa tashi. Jirgi mai saukar ungulu kuma ba ya wuce 'yan sa'o'i a sama, shi ma sai an kai masa mai a ganguna cikin daji, kuma tashi da dare a kan rairayin da babu fitila ko ɗaya kasada ce.

Wannan kasada ce ta ci Sabine kansa. Da yammacin 14 ga Janairu 1986, cikin duhu da iska mai ƙura, jirginsa ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a ƙasar Mali. Mutum biyar suka mutu: shi da matuƙin, da ma'aikacin rediyo, da wata 'yar jarida, da mawaƙin Faransa Daniel Balavoine, wanda ya biyo tseren domin aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. An watsa tokar gawar Sabine a gindin wata bishiya da ke tsaye ita kaɗai a arewacin Tenere. Mano Dayak, Buzun da ya zama jagoran masu tseren a Agadas kafin ya shiga tawayen shekarun 1990, shi ma a haɗarin jirgi ya rasu a Disamba 1995, kuma sunansa filin jirgin Agadas ke ɗauke da shi.

Ko da jirgi ya iso a kan kari, ba ya mayar da abin da ya riga ya faru. Fabrizio Meoni na Italiya, wanda ya lashe tseren babura a 2001 da 2002, ya mutu a Muritaniya a Janairu 2005. Paulo Gonçalves na Fotugal ya faɗi a Saudiyya a Janairu 2020, jirgin likitoci ya iso gare shi minti takwas bayan samun sanarwa, amma bai rayu ba.

Wani abin da jirgi bai iya ba shi ne tsaron hanya. A shekarar 2000, da tseren ya iso Yamai a kan hanyarsa ta zuwa Alƙahira, aka samu gargaɗin cewa masu ɗauke da makamai na jiran sa a arewacin Nijar. Sai aka ɗauko manyan jiragen dakon kaya ƙirar Antonov 124, aka loda motoci da babura, aka tsallake hamadar Nijar ta sama zuwa Sabha a Libiya. A 2008 aka soke tseren ɗungurungum bayan kashe Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido a Muritaniya. Ya koma Kudancin Amurka daga 2009 zuwa 2019, sannan Saudiyya daga 2020. Sunan Dakar kawai ya rage. Masu otal da masu jagora da maƙeran azurfa na Agadas sun yi asarar kasuwa, wannan ba a musu. Amma ya kamata a tuna cewa ba kowa ne a hanyar ya yi kewar sa ba. Motocin tseren sun kashe mazauna ƙauyuka, ciki har da yarinya 'yar shekara goma a Mali a 1988 da yara maza biyu a Gini da Senegal a 2006. Waɗannan ba su da lamba a rajistar kowa.

Hamada ɗaya, matafiya iri biyu

Tseren ya tafi, amma hanyar Agadas zuwa Dirku ba ta mutu ba. Ita ce hanyar masu zuwa Libiya neman aiki, kuma tun da aka gano zinare a Jado a 2014 ta zama hanyar masu haƙa, ciki har da 'yan Najeriya. Wata hanyar ta bi ta Arlit zuwa Aljeriya. Ƙasar Sakkwato ƙasar cin rani ce tun kaka da kakanni, kuma matashin da a da zai nufi kudu bayan girbi, yau yana iya jin labarin wani da ya dawo daga arewa da kuɗin sayen sabon babur. Yawancin masu wannan tafiya a bayan motocin Hilux suke yin ta, mutum ashirin ko fiye, kowa ya rungumi sanda da jarkar ruwa. Lissafin mai da ruwa bai canza musu ba. Abin da babu shi ne rajistar.

A ƙarshen Oktoba 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu Hausawa ne daga yankin Kance na Jihar Damagaram. Motocinsu biyu ne suka lalace bayan sun bar Arlit, suka watsu a ƙasa suna neman rijiya. Gwamnatin Nijar ta ayyana makokin kwana uku. A farkon Yuni 2017 mutum 44, 'yan Gana da 'yan Najeriya, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku, kuma an san da su ne kawai domin mutum shida sun taka har wani ƙauye sun ba da labari. Wannan ita ce hamadar da aka tsamo mutum 40 daga cikinta a 1983 ba tare da an rasa ko ɗaya ba, da kayan aikin da ba su kai na yau ba.

Ba za a ce sararin samaniyar yankin babu jirage ba. Faransa ta yi sansani a Madama, Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas wanda ta bari a 2024. Aikinsu daban ne, kuma ko da an so a tura su, sai wani ya fara cewa mota kaza ta tashi ranar kaza da mutum kaza ba ta iso ba. Dokar da Nijar ta kafa a 2015 ta haramta safarar baƙin haure ta ƙara dagula wannan ɓangare. Direbobi suka daina bin ayarin da sojoji ke rakawa, suka riƙa kauce wa rijiyoyin da jami'ai ke tsaro, suna bin hanyoyin da babu mai bi. Tafiyar da aka yi ta a ɓoye, ɓatanta ma a ɓoye yake. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamba 2023, amma hakan bai ƙara rijiya ko ɗaya a Tenere ba.

A ganina, mai gida a Boɗinga ko Shagari wanda ɗansa ko yaron shagonsa ya dage sai ya yi arewa, in ya kasa hana shi, akwai abin da ya fi kuɗin guzuri da zai nema daga gare shi. Ya san ranar da za su bar Agadas ko Arlit, da lambar wayar direba da ta wanda ya haɗa tafiyar, da garin da za su fara isa, da ranar da in ba a ji daga gare su ba za a fara cigiya. Wayar salula tana mutuwa da an bar gari, kuma ba kowane direba ke riƙe da wayar tauraron ɗan'adam irin ta Thuraya ba, don haka yana da kyau a tambaya tun kafin a biya kuɗin mota. Iyalin da abin da suka sani kawai shi ne ya kira daga Agadas wata biyu da suka wuce, da'irar da suke nema a ciki ita ce hamadar gaba ɗaya.

Masu neman irin waɗannan matafiya suna nan, sai dai a ƙasa suke. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, tana da cibiyoyi a Agadas da Arlit da Dirku, kuma tana fita aikin ceto da motoci tare da jami'an kare fararen hula na Nijar. A Assamaka, inda hukumomin Aljeriya ke sauke mutanen da suka koro a wani fili mai nisan kilomita 15 daga garin su ƙarasa a ƙasa, 'yan ƙungiyar Alarme Phone Sahara ne ke fita ɗauko waɗanda suka kasa tafiya. Abin hawansu babur ne mai ƙafa uku, ɗauke da jarkokin ruwa.